Burmi: Ƙauyen da Yaƙi Ya Cinye

'Yan'uwa, idan mun tashi daga garin Gombe muka bi hanyar Bajoga, za mu shiga ƙaramar hukumar Funakaye. A can ne, kusa da Ashaka inda ake yin siminti, ba nisa da kogin Gongola, kufan tsohuwar Burmi take. Da yawa cikinmu mun bi wannan hanya, amma ba mu san abin da ya faru a wurin ba.

A dā Burmi gari ne mai ganuwa. Malam Jibril Gaini ya zauna a cikinta da jama'arsa, har sarakunan Gombe suka kāsa cin garin. Turawan Ingila ne suka kama shi a shekara ta 1902.

A ran 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, sai ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi, maza da mata da yara. Bayan doguwar tafiya suka iso Burmi.

A watan Mayu sojojin Turawa suka kai wa garin hari, aka kore su. Suka sāke shiri, suka komo a ran 27 ga Yuli 1903. Aka yi ta yaƙi har yamma. Attahiru ya mutu, da ɗaruruwan mutane tare da shi. Manjo Marsh, shugaban sojojin, shi ma a nan ya mutu. Aka ƙone garin, aka rushe shi. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira da sauran jama'a, suka kai har Sudan. A can suka kafa garin Mai Wurno, jikokinsu suna nan har yau.

Mu lura da abu guda. Hafsoshin ne kaɗai Turawa. Yawancin sojojin da suka yi harbin 'yan ƙasa ne, baƙaƙe kamar waɗanda suka kashe.

Wataƙila wani zai ce, "Ina ruwanmu? Ai ba kakanninmu ba ne." Amma fa yaƙin bai tsaya a Burmi ba. Cikin shekarun da suka biyo baya, sojoji suka shiga ƙasar Tangale da ta Waja, har kan duwatsun Tula. Bindigar da ta rushe Burmi ba ta tambayi kowa yarensa ko addininsa ba.

Saboda haka mu faɗa wa 'ya'yanmu wannan labari yadda yake, ba da murna a kan faɗuwar wani ba. Waɗanda suka mutu a Burmi maƙwabtanmu ne. Duk ran da muka bi hanyar Ashaka, bari mu tuna da su.