Daga Damin Zakka zuwa Naira a Hannu: Tarihin Tallafa wa Matalauta a Ƙasar Gwandu

Gabatarwa

Tallafin kuɗi da ake danƙa wa matalauta hannu da hannu ya shigo ƙauyukan Gwandu da Kalgo da sunayen hukumomin zamani, har wasu suka ɗauke shi baƙon abu. Wannan maƙala tana nuna cewa tushensa daɗaɗɗe ne a fiƙihun da aka gina Gwandu a kansa, kuma sharuɗɗa biyu da malamai suka gindaya wa zakka, wato mallakarwa da isarwa, su ne ma'aunin da ya dace a auna shi da su.

Tushen Lamarin a Fiƙihu

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutane iri takwas da ake ba zakka, ta fara da faƙirai da miskinai. Daga lafazinta malamai suka fitar da sharaɗin mallakarwa: abin da aka ba faƙiri ya zama nasa, ya sarrafa shi yadda ya ga maslaha. Sharaɗi na biyu shi ne isarwa. Mukhtasar na Shaihu Halil, wanda shi ne madogarar alƙalan wannan ƙasa, ya halatta a ba faƙiri abin da zai ishe shi shekara guda.

An yi saɓani kan bayar da ƙima. Hanafiyya sun halatta kuɗi a madadin hatsi ko dabba. Malikiyya sun fi ƙarfafa a fitar da zakka daga jinsin dukiyar, ko da yake wasu malamansu sun ce kuɗin ya isar tare da karhanci. Aikin Sayyidina Umar (Allah Ya yarda da shi) ya haɗa fuskokin biyu. Ya kafa diwani ya yanka wa mutane dirhami, har da jarirai, amma a shekarar Ramada, 18 bayan Hijira, abinci ya nemo daga larduna ya raba, domin kasuwar Madina ta bushe. Ke nan kuɗi suna amfani ne inda akwai abin saye.

Gwandu a Ƙarni na 19

Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta sauka Gwandu a 1805, bayan ta sha yunwa mai tsanani a shekarar farko ta jihadi. Waɗanda suka tsara mulki a nan sun san talauci a jikinsu. A Kitabul Farƙ, Shehu ya soki kuɗaɗen da sarakunan Haɓe suke ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba, irin su jangali da kuɗin gari, ya kuma fayyace hanyoyin shigar baitulmali da inda ake kashe dukiyarsa. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya bar rundunar a wajajen 1807 saboda ganin yadda son duniya ya fara shiga zukata, ya tsaya a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam kan ladubban mulki. Shi aka damƙa wa yammacin daula a 1812, ya rasu a Gwandu a 1829.

A wancan zamani zakkar manomi dami ce: ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin na noman ban ruwa, idan amfanin ya kai nisabi. Mazhaba ta hukunta a raba ta a inda ta wajaba, sai in akwai mafi buƙata a nesa. Hikimar a bayyane take: geron da aka tara da kaka yana araha, shi ne zai yi tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbun talaka ya ƙare. Akwai kuɗin wuri, akwai manyan kasuwanni irin ta Jega, amma rumbu ne asusun ƙauye. Tsarin bai tsira daga tawaya ba, musamman bayan tawayen Kabawa na 1849, wanda ya sa yaƙi ya riƙa cinye abin da ya kamata ya isa ga mabuƙata.

Lokacin da Zakka ta Koma Haraji

Turawan Ingila sun karɓe Gwandu a 1903, kuma bayan rikicin Satiru na 1906 aka mayar da fadar sarki Birnin Kebbi. Dokokin haraji na farkon mulkinsu sun narkar da zakkar hatsi cikin haraji guda, wanda daga baya aka wajabta biyansa da kuɗin Bature. Sunan baitulmali ya wanzu, amma aikinsa ya koma biyan albashi da ayyukan En'e. A nan kuɗi suka shigo gidan manomi ta mummunar ƙofa: ya sayar da hatsi da kaka a wulaƙance don ya biya haraji, ya dawo da damina ya saye shi da tsada ko ya ci bashi. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta sami jama'ar Arewa cikin wannan hali. Zakka ta ci gaba tsakanin mutum da maƙwabcinsa da malaminsa, ba tare da hukuma mai tsara ta ba.

Dawowar Kuɗi Hannun Talaka

Tsakanin 2015 da 2017, shirin Feed the Future, wanda ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da kuɗin gwamnatin Amurka, ya ba matan gidaje mafiya talauci a wasu ƙauyukan Jihar Kebbi Naira 75,000 kowace cikin wata 15, ba tare da sharaɗi ba. Wasu sun riƙa karɓar 5,000 duk wata, wasu 15,000 duk wata uku. Masu bincike na Bankin Duniya sun gano cewa abincin gidajen ya ƙaru, sun sayi dabbobi, mata da yawa sun kama ƙananan sana'o'i, kuma bambancin lokacin biya bai sauya sakamakon sosai ba. Wannan ya raunana zargin cewa talaka zai ɓarnatar da abin da aka ba shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san noman Gwandu da fadamun Kalgo. Magidancin da hatsinsa ya ƙare a watan Yuli yakan bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a gonar wani, sai amfaninsa ya ragu, baɗi ma ya sake faɗawa ramin. Kuɗi kaɗan a wannan lokaci suna tsayar da shi a gonarsa, su hana sayar da akuya, su sayi maganin zazzaɓin yaro. Buhun tallafi buƙata ɗaya yake toshewa, alhali uwar gida ce ta san wadda ta fi matsa mata.

Gwamnatin Tarayya ta fara nata shirin a 2016, Naira 5,000 duk wata ga gidajen da ke cikin rajistar matalauta, da rancen Bankin Duniya da kuma kimanin Dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta mayar. Sharaɗin mallakarwa ya samu, amma na isarwa ya yi rauni, domin hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin. Haka nan ambaliyar 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ta tuna wa mutane darasin Ramada.

Kammalawa

Tarihin Gwandu ya nuna cewa ba siffar tallafi ce abin lura ba, dami ne ko Naira. Abin lura shi ne ya isa hannun mai haƙƙi, ya wadatar, ya zo kafin rumbu ya ƙare, kuma mai rabon ya kasance adali masani, kamar yadda fiƙihu ya shardanta ga ma'aikacin zakka. Aikin da ke gaban malamai da kwamitocin zakka na masarautar shi ne su ƙayyade abin da ke isar gida guda a shekara bisa farashin kasuwannin Gwandu da Kalgo, su kuma fayyace wa manoma hukuncin bayar da ƙima. Allah ne Mafi sani.