Fam Ashirin A Mako: Yadda 'Yan Ƙwallon Ingila Suka Ƙwaci 'Yancinsu

Duk sa'ad da aka buɗe kasuwar cinikin 'yan wasa a Turai, gidajen kallon ƙwallo na unguwanninmu kan rikiɗe su koma majalisar lissafi. Wani ya ce wane na karɓar fam dubu ɗari uku a mako, wani ya zaro waya ya juya kuɗin zuwa naira, sai a yi salati. Abin da ba kasafai muke tambaya ba shi ne yadda aka yi aka iso nan. A wannan Ingilar da muke kallo, a shekarar 1960, ɗan wasan da ya fi kowa ƙwarewa ba shi da ikon karɓar fiye da fam 20 a mako, kuma ba shi da ikon barin kulob ɗinsa ko da kwantiraginsa ya ƙare.

A 1885 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta halatta biyan ɗan wasa, a 1888 kuma aka kafa gasar lig. Masu kulob-kulob, waɗanda akasarinsu attajiran gari ne masu masaƙu da kamfanonin giya da shaguna, ba su daɗe ba suka gane cewa idan aka bar ɗan wasa ya yi ciniki da ƙafarsa, farashinta zai hau. Sai suka ɗaure shi da igiya biyu. Ta farko ita ce dokar rajista ta 1893: da zarar ka sa hannu a kulob, rajistarka ta zama tasa. Idan kakar wasa ta ƙare aka yi maka tayin da bai yi maka ba, kana iya ƙi, amma albashi zai tsaya, kuma ba wani kulob a gasar da zai iya ɗaukarka sai da yardar na farko. Igiya ta biyu ta zo a 1901, lokacin da aka ƙayyade cewa ba wanda za a biya fiye da fam 4 a mako.

Hujjar masu kulob ita ce, in babu waɗannan dokoki, ƙungiyoyin manyan birane za su kwashe ƙwararru su bar na ƙananan garuruwa da hamma. Za mu dawo kan wannan hujja, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

A Disambar 1907, a wani otal a Manchester, Billy Meredith da Charlie Roberts na Manchester United suka jagoranci kafa ƙungiyar 'yan wasa. Da ƙungiyar ta nemi haɗa kai da gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago a 1909, FA ta umarci kowa ya fita daga cikinta ko a dakatar da shi. Da yawa sun fita. 'Yan Manchester United suka ƙi, aka dakatar da su, har suka ɗauki hoto da allo a gabansu da ke kiransu korarru. A ƙarshe FA ta amince da ƙungiyar bisa sharaɗin ta raba gari da 'yan ƙwadago, igiyoyin nan biyu kuwa ba a taɓa su ba. A 1912 ƙungiyar ta tsaya wa Herbert Kingaby a ƙarar da ya kai Aston Villa kan dokar rajista, aka kayar da shi, kuɗin shari'a ya kusa durƙusar da ita.

Haka aka ci gaba kusan shekara hamsin. Iyakar albashin ta kai fam 9 a 1920, aka rage ta zuwa 8 a 1922, ta kai 12 a 1947. A kakar 1948 zuwa 1949 an sayar da tikiti sama da miliyan 41 a wasannin lig. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tom Finney na Preston North End, wanda ana lissafa shi cikin gwanayen da Ingila ta taɓa yi, aikin gyaran famfo yake haɗawa da ƙwallo. A 1952 Palermo ta Italiya ta yi masa tayin fam 10,000 na sa hannu kawai, shugaban Preston ya ce ba inda za shi, maganar ta mutu a nan. Waɗanda suka tsallake ba izini, irin su Neil Franklin da Charlie Mitten da suka tafi Bogota ta Kwalambiya a 1950, dakatarwa suka tarar da suka dawo. Ko namu Teslim Balogun, da ya taka wa Queens Park Rangers leda a 1956, ƙarƙashin waɗannan dokoki ya yi wasa.

A 1957 Jimmy Hill, ɗan wasan Fulham, ya zama shugaban ƙungiyar, aka sake mata suna zuwa PFA. A 1958 iyakar ta kai fam 20 lokacin wasa, 17 lokacin hutu, alhali ma'aikacin masana'anta na samun wajen fam 15. Hill da sakatarensa Cliff Lloyd sun san inda matsalar take: akasarin 'yan wasa ba su ma kai fam 20 ɗin ba, to me zai sa ɗan rukuni na huɗu ya shiga yajin aiki don a ƙara wa taurari? Sai suka bi yanki-yanki suna tara 'yan wasa a Landan da Birmingham da Manchester, suna nuna musu cewa igiyar rajista ta ɗaure babba da ƙarami.

A taron Manchester wani matashin ɗan wasa ya tashi ya ce mahaifinsa a ramin kwal yake aiki, kuma bai samun abin da su suke samu, don haka bai ga dalilin yaji ba. Tommy Banks na Bolton, wanda shi kansa ya yi aikin kwal, ya mayar masa da cewa yana girmama aikin mahaifin nasa kuma zai iya yin sa, amma yana so ya ga dattijon ya tare Stanley Matthews a gaban dubban 'yan kallo. Matthews na zaune a wurin, kuma da aka zo ƙuri'a ya goyi bayan yajin.

Aka sa Asabar 21 ga Janairun 1961 a matsayin ranar ajiye takalma. Masu kulob suka yarda su cire iyakar albashi amma su riƙe dokar rajista, da fatan taurari za su karɓi nasu su watse. Ba su watse ba. Ranar 18 ga wata, saura kwana uku, aka zauna a Ma'aikatar Ƙwadago, wakilan lig suka sassauta a kan rajistar ma, aka janye yajin. Ba da jimawa ba Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako. Amma da ƙura ta lafa, masu kulob suka ƙi tabbatar da abin da wakilansu suka amince da shi kan rajista.

Wannan igiya ta biyu a kotu aka tsinke ta. George Eastham ya nemi barin Newcastle United bayan saɓani kan gidan da kulob ya ba shi da wasu batutuwa, aka hana shi. A 1960 ya ajiye ƙwallo ya koma kudancin Ingila yana aikin talla a kamfanin wani aminin gidansu. Bayan watanni Newcastle ta sayar da shi ga Arsenal kan fam 47,500. Buƙatarsa ta biya, yana iya yin shiru, amma PFA ta roƙe shi ya bar ƙarar da ya shigar ta ci gaba, ita za ta biya lauyoyi. A Yulin 1963 Mai Shari'a Wilberforce ya yanke cewa riƙe ɗan wasa bayan ƙarewar kwantiraginsa tauye masa hanyar neman abinci ne da ya wuce hankali. Eastham bai samu diyya ba.

Saura kuɗin ciniki da kulob ke nema kan wanda kwantiraginsa ya ƙare. Shi kuma sai a 15 ga Disambar 1995 Kotun Tarayyar Turai ta soke shi tsakanin ƙasashen tarayyar, a shari'ar Jean-Marc Bosman ɗan Beljiyam, wanda RFC Liège ta zaftare masa albashi a 1990 bayan komawarsa Dunkerque ta Faransa ta ci tura. Shekara biyar ɗin da ya yi a kotu su ne ƙarshen ƙwallonsa, ya kuma yi fama da talauci daga baya.

Yanzu mu koma ga hujjar masu kulob. Burnley, ƙungiyar ƙaramin gari, ita ta ci lig a 1960. Preston ta faɗa rukuni na biyu a 1961, kuma har yau ba ta dawo na farko ba. Tun daga nan kofi ya fi zama a Liverpool da Manchester da Landan. Abin da suka ji tsoro ya faru. Sai dai daidaiton da suke karewa daga aljihun Finney da ire-irensa ake biyan sa, ba tare da an nemi yardarsu ba. Da masu kulob sun so, suna iya raba kuɗin shiga a tsakaninsu don taimakon ƙanana, su bar ɗan wasa da haƙƙinsa.

A gida ma mun san wannan labari ta wata fuska. A 2014 Super Eagles sun ƙi fita atisaye a Brazil kan kuɗin alawus, a 2016 kuma Super Falcons sun ƙi barin otal a Abuja bayan sun ɗauko kofin Afirka. Irin wannan bore kan fito da kuɗin ranar, amma ba ya canza ƙa'ida, shi ya sa ake maimaita shi. Ɗan wasan lig ɗinmu da ke bin bashin albashin watanni, wanda kuma ba zai iya tafiya ba sai an ba shi takardar sallama, yana kusa da inda Eastham ya tsaya a 1960. Abin da Eastham ya samu shi bai samu ba tukuna shi ne ƙungiya mai rajistar mambobi da asusu da lauya, wadda taurari da ƙananan 'yan wasa suka yarda su zauna a cikinta tare. 'Yan Ingila sun kafa tasu a 1907, kuma sai da ta shekara 56 kafin ta ga hukuncin Wilberforce.