Duwatsun Matobo: Wa Ya Riga Wa Zuwa?

Jama'a, a wannan fitowa za mu leƙa Zimbabuwe, mu duba tarihin gandun dajin Matobo, wanda ke kimanin kilomita 35 kudu da birnin Bulawayo. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa can, abin da zai fara cin karo da shi duwatsu ne manya-manya, wani a kan wani, kai ka ce da hannu aka ɗora su. Cikinsu akwai damisa da jakin dawa da raƙumin dawa da gwaggon biri, ga mikiya tana shawagi tana farautar rema. Karkanda kuwa har a ƙafa ake bin sawunta tare da mai gadi riƙe da bindiga. Baƙo sai ya ɗauka tun fil azal daji ne da ba kowa. To, ba haka abin yake ba.

Cikin mutanen farko da suka bar alama a wurin akwai kakannin kabilar San, maharba masu yawo da kwari da baka. Sun niƙa jar ƙasa da fara, suka zana mutane da namun daji a bangon koguna, kuma masana sun ce wasu zanen sun kai shekara 13,000. Wuraren da aka ƙidaya sun haura 3,000. A kogon Nswatugi akwai raƙuman dawa da aka zana suna tafiya, har yau jansu bai kwanta ba. Wanda ya taɓa ganin shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu zai gane irin abin da muke nufi, sai dai na Matobo sun fi yawa nesa ba kusa ba. A kogon Pomongwe kuwa, wani mai kula da wurin ya shafa wa zanen mai wai don ya ƙara fitowa, sai ya dushe. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Bayan maharba sai manoma suka zo da shanu da ƙarfe, su ne kakannin Kalanga. Wurin tsafinsu na roƙon ruwa, Njelele, yana nan a cikin duwatsun, ana kuma zuwansa har gobe.

Wajen 1840 sai ga Sarki Mzilikazi da jama'arsa Ndebele, bayan ya ɓata da Shaka Sarkin Zulu ya yi ta ƙaura zuwa arewa. An ce shi ya raɗa wa duwatsun suna, domin ya ga sun yi kama da kawuna masu sanƙo. Da ya rasu a 1868, a cikinsu aka binne shi. Wato Ndebele ma baƙi ne, shekara hamsin da 'yan kai kawai suka ba Turawa.

Kamfanin Sesil Rodes ya ci ɗansa Lobengula da yaƙi a 1893. Da Ndebele suka yi bore a 1896, cikin waɗannan duwatsu suka ja daga, sojan Turawa suka yi ta fama, abu ya faskara. Dole Rodes ya shiga da kansa ya zauna da shugabanninsu aka yi sulhu, ya kuma yi musu alkawarin wurin zama a filayen da ya mallaka a nan. Cikin wannan zirga-zirga ce ya hau wani dutse mai suna Malindidzimu, wanda mutanen wurin ke girmamawa a matsayin mazaunin ruhohin magabata, ya ce shi fa nan za a binne shi. Haka kuwa aka yi a 1902. Ndebele sun halarta, suka yi masa gaisuwar da ake yi wa sarakunansu, amma suka roƙa kada a harba bindiga a wurin.

Alkawarin bai yi ƙarko ba bayan mai shi. A 1926 aka mai da wurin gandun gwamnati, sai hukuma ta fara cewa shanun mutane na ɓata ƙasa. Aka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru, jama'a suna kafa hujja da maganar Rodes, har a 1962 aka kwashe waɗanda suka rage, aka yanka musu wani ɓangare a gefe. Cikin shekarun nan ne kuma aka kawo farar karkanda daga Afirka ta Kudu aka saki a inda dā gonaki suke.

Mu da aka haifa a nan Kurmi, iyayenmu ma a nan, amma in an zo neman takardar shaidar ɗan asalin jiha a ce mana mu baƙi ne, wannan labari ba ya bukatar dogon sharhi a wurinmu. A ganinmu, a Matobo mai ƙarfi ne kullum ya yanke wane ne ɗan gida, ba wanda ya riga zuwa ba.

A 2003 hukumar UNESCO ta sa duwatsun cikin wuraren tarihi na duniya. An sha kiraye-kirayen a tone ƙasusuwan Rodes a mayar Ingila, gwamnati ba ta yarda ba. Kabarin na nan an rufe shi da farantin tagulla, ana biyan kuɗi kafin a hau a gani.