Cakulan Ne Ya Ƙanƙance, Ko Hannunmu Ne Ya Girma?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da wasu za su ce bai kai a ɓata masa takarda ba, wato alewa.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya wani abokin aikina ya dawo daga kwas a Ingila, ya kawo mana tsarabar cakulan ofis. Da aka miƙo mini nawa sai na ga irin wanda wani kawuna ya taɓa kawo mini ne a ranar ziyara muna aji biyu. 'Yan ɗakin kwananmu za su tuna, domin mu shida muka raba shi da reza bayan an kashe fitila, har da ajiye wa wanda ke asibiti nasa kason. To, wannan na ofis lauma biyu na yi masa ya ƙare. Na ce wa jama'a abin nan fa an rage shi. Sai wani dattijo da ya kusa ritaya ya yi dariya ya ce, "Malam, ba a rage komai ba, hannunka ne ya girma."

Maganarsa ta tsaya mini a rai, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Duk wanda ya koma makaranta taron shekara ya san yadda ɗakin cin abincin nan da muke gani kamar filin idi ya koma ɗan tsukuku. Amma malaminmu na Tarihi ya hore mu da cewa kada mu yarda da tuni shi kaɗai, a nemi shaida. Na nema, kuma ga abin da na samu.

Da farko dai cakulan ba abin taunawa ba ne. Daga 'ya'yan itacen koko ake yin sa (ba kokon da muke sha da ƙosai ba, kada wani ya ce na ruɗe), kuma asalin itacen daga nahiyar Amurka yake. Mutanen Aztek na ƙasar Meziko sukan niƙa ƙwayar su dama su sha da ɗacinta, har ma suna ciniki da ita kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Turawan Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, aka zuba masa sukari, ya zama abin shan sarakuna da attajirai. A 1828 wani mutumin Holan mai suna van Houten ya fito da injin matse mai daga cikin ƙwayar. Wannan man ne kamfanin Fry na birnin Bristol ya haɗa da garin koko da sukari a 1847, ya zuba a mazubi ya daskare, aka sami sandar cakulan ta farko, sanda irin yadda muke cewa sandar sabulu. A 1875 Daniel Peter na ƙasar Suwizalan ya gano yadda za a sa madara a ciki. Kamfanin Cadbury kuwa, wanda John Cadbury ya fara da ɗan kantin shayi da koko a Birmingham a 1824, sai a 1905 ya fito da Dairy Milk.

Tun daga nan aka shiga wata matsala da ba ta ƙare ba har yau. Itacen koko ba ya yi a Turai. Sai ƙasa mai zafi da yawan ruwan sama, sai kuma hannun mutum, domin da adda ake sare shi, a fasa, a rufe ƙwayar da ganyen ayaba ta yi kwanaki, sa'an nan a shanya. Ke nan masana'anta tana can, gona tana nan, kuma ko da yaushe mai masana'anta yana neman inda zai sami ƙwaya da araha.

A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suna sayen koko mai yawa daga tsibiran Sao Tome da Principe, waɗanda ke hannun Turawan Fotugal. Masu aikin gonakin daga Angola ake kwaso su, a takarda an ce 'yan kwantiragi ne, a zahiri kuwa bayi ne, wanda ya tafi ba ya dawowa. Wani ɗan jarida, Henry Nevinson, ya je ya gani ya rubuta. Iyalan Cadbury mabiya ɗariƙar Kweka ne, waɗanda aka sani da ƙyamar bauta, saboda haka abin ya zame musu abin kunya ƙwarai. Jaridar Standard ta zarge su da jan ƙafa, suka kai ta kotu a kan ɓata suna. A 1909 kotu ta ce sun yi nasara, amma diyyar da aka yanka musu rubu'in kwabo ce, wato rabin sisin kwabo. Mai hankali ya san abin da masu shari'ar suke nufi. A wannan shekara kamfanin ya daina sayen kokon tsibiran, ya juya zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya dasa irin da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gwalkwas noman koko a duniya. Mu ma nan gida mun ci moriyarsa. Kuɗin koko na daga cikin abin da ya ɗauki nauyin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Awolowo ta fara a Jihar Yamma a 1955, kuma da shi aka gina Cocoa House mai hawa 26 a Badun, wanda aka buɗe a 1965.

Farashin koko kuwa ba ya zama wuri ɗaya, yau ya hau gobe ya sauka. Shi kuma yaro da kwabonsa ɗaya yake zuwa kanti. Yaya za a yi? Amsar da kamfanin Hershey na Amurka ya bayar ita ce ta fi ba ni mamaki, don ta nuna dabarar ta girmi iyayenmu. Daga 1921 har zuwa 1969 sandar cakulan ɗinsa santi 5 ake sayar da ita, ba ƙari ba ragi. Nauyin ne ke yawo. A 1930, lokacin da kaya suka faɗi warwas, ta kai kimanin giram 57. Zuwa 1968 ta dawo kimanin giram 21. Shekara 48 mai saye yana miƙa kuɗi iri ɗaya yana jin ba a yi masa ƙari ba, alhali a ƙarshe abin da ke shiga bakinsa bai kai rabin na da ba. Da abin ya kai maƙura, sai aka soke ta santi 5, aka fito da ta santi 10. Sun gane cewa mutum yana riƙe farashi a ka, amma ba wanda ke yawo da sikeli a aljihu.

Ingila, inda tsarabar tamu ta fito, mutanenta ba sa wasa da zaƙi. Daga 1942 zuwa 1953 da kati ake raba musu alewa saboda yaƙi, kuma ranar da aka ɗage dokar yara da manya suka yi wa kantuna tsinke. Don haka suna sa ido. Sandar Mars da ke giram 62.5 ta sauko zuwa 58, a 2013 ta koma 51. Babbar sandar Dairy Milk ta sauka daga giram 200 zuwa 180 a 2022, farashi yana nan inda yake. Ofishin ƙididdigar ƙasar ya bayyana a 2017 cewa kayayyaki 2,529 ne suka ƙanƙance a cikin shekara biyar, kuma ba cakulan kaɗai ba.

Amma wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Toblerone, cakulan ɗin nan mai tsini-tsini kamar jerin duwatsu, wanda ake yi a birnin Bern tun 1908, wanda kuma kusan duk wanda ya bi ta filin jirgin sama yakan sayo. A 2016 masu shi suka rage na kasuwar Ingila daga giram 170 zuwa 150, babban kuma daga 400 zuwa 360. Ba su gajarta kwalin ba. Sai suka faɗaɗa tazarar da ke tsakanin duwatsun, ya zama kamar bakin mai giɓi. A nan suka yi kuskure a ganina, domin sun bari ido ya ga abin da aka saba ɓoye masa. Jama'a suka yi ca, jaridu suka ɗauka, har a 2018 aka mayar da siffar da, a sanda mai giram 200, da ƙarin kuɗi. Wato dai an koma ga abin da aka guda tun farko.

Ashe ma ba a ga komai ba. Tan ɗaya na koko da ake sayarwa wajen dala 2,500 a 2022, a watan Maris na 2024 ya haura dala 10,000, a Disamba kuma ya wuce 12,000, kafin ya fara sauka a 2025. Dalili kuwa, Kwaddibuwa da Gana, waɗanda su biyu ke noma fiye da rabin kokon duniya, sun gamu da ruwa ba a kan lokaci ba, sai zafi, ga cutar da ke kumbura rassan itace, ga itatuwa sun tsufa, ga masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba suna cinye gonaki a Gana. Sai kamfanoni suka wuce rage nauyi, suka shiga rage kokon kansa. A 2025 biskit ɗin Penguin da na Club a Ingila sun daina amsa sunan cakulan, sai dai a ce masu ɗanɗanon cakulan, don kokon da ya rage a jikinsu bai kai abin da doka ta gindaya ba. Kada kuma a zaci manomi ya yi kuɗi nan take. A Gana da Kwaddibuwa gwamnati ce ke yanka farashi tun farkon kaka, an kuma riga an sayar da yawancin amfanin tun yana gona, don haka sai a hankali ƙarin ya isa ƙauye, har wasu suka riƙa tsallakar da buhuna zuwa Togo da dare. Manoman Ondo da Kuros Riba sun fi samun sa'a, saboda tun 1986 aka rushe hukumar sayen koko a ƙasar nan, da farashin kasuwa suke sayarwa.

Da na kai wa dattijon nan waɗannan lambobi, sai ya ce to ai sun rubuta nauyin a jikin takarda, wa aka cuta? A wajen doka yana da gaskiya. Ni dai ina ganin wanda ya rage kaya ya bar kwali da girmansa ya san sarai ba a karanta ƙananan rubutun nan, kuma a kan haka ya dogara. A kasuwar hatsi muna da sunan da muke kiran mai buga gindin mudu.

Sai dai kafin mu cika zargin Turawa, mu tuna da bakin ƙofar makaranta. Mu cakulan baƙo ne a wurinmu, sai ɗan mai hali, ko kuwa Choco Milo da muke tsotsa a hankali don kada ya ƙare. Na kanti da muka sani su ne Tom Tom, wanda Cadbury na Ikeja ke yi tun 1970, da Buttermint. Amma abin da ya raine mu na kan faranti ne: alawar madara, da gullisuwa, da iloka, da kantun riɗi, da carbin malam, da ɗan tamatsitsi mai sa a runtse ido, da hanjin ligidi da ke maƙale wa mutum a haƙori har a shiga aji. Da rani ga mazarƙwaila. Tsohuwar nan da ke zama gindin darbejiya, wadda duk muke kira Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa jin sunan Hershey ba, amma dabararsu ɗaya. Alawar madararta naira biyar ce tun muna aji ɗaya har muka fita. Wuƙar ce kawai ke matsowa. Idan sukari ya yi tsada yanka ya sirance, har mukan ɗaga shi sama mu ce muna hango rana ta ciki. Bambancinta da kamfani shi ne ana iya yi mata ƙorafi ido da ido, ta ce, "Ɗan nan, je ka tambayo kuɗin sukari," sa'an nan ta ɗora maka ɗan gutsure gyara. Kuma idan kaya suka sauka yankan yakan koma yadda yake, abin da ban cika gani a kanti ba.

Mu da muke karɓar albashi mun fi kowa sanin wannan lissafi, don adadin da ke kan takardar biya yana nan ko ya ɗan ƙaru, ledar cefane ce ke raguwa. Tun da Cowbell ya fara ƙulla madarar gari a 'yan ƙananan ledoji a 1993, kusan komai ya bi sahu, daga man shanu na kanti har tumatirin gwangwani.

A hutun da ya wuce na ɗauki 'yata muka bi ta bakin ƙofar makaranta, da niyyar in saya mata hanjin ligidi ta ga abin da ubanta ke ba ta labari. Darbejiyar tana nan, an kafa shagon kwano a gindinta. Yaron shagon bai ma san sunan ba, sai da wani mai gadi ya yi mana kwatancen wani gida a bayan masallaci inda har yanzu ake yi, amma sai an ba da saƙo kwana biyu kafin. Na ba da na taronmu mai zuwa, na mutum hamsin. Matar ta tambaye ni ko yankan da nake so ko na yanzu, na ce na da, ta ce to kuɗin ba ɗaya ba ne. Ma'aji ya shirya, zan kawo masa rasit.