Ɗaki da Lasifika: Nazarin Sauti a Gidajen Karfi

Bayan an sayar da masara da auduga a kasuwannin Malumfashi da Funtuwa, kayan sauti na cikin abin da magidancin Karfi kan kwaso daga Sabon Garin Kano. Yawanci lambar wat da ke jikin kwali ce ke ja masa hankali. Wannan lamba, musamman wadda aka rubuta wa PMPO, ba ta da wani ma'auni tsayayye, kuma ba ta faɗin yadda muryar Mamman Shata za ta fito a falonsa.

Asalin yawancin lasifikokin yau ɗaya ne: naɗin waya da maganaɗisu, wanda Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana a Amurka a 1925. Daga nan manyan maƙera suka rarrabu. Klipschorn, da Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946, ƙaho ne da ake jinginawa a kusurwa don bango ya taya shi fitar da kaurin sauti. Quad ESL ta Peter Walker, ta 1957, tana girgiza wani siririn fallen roba mai ɗauke da dubban bolt. LS3/5a kuwa, wadda BBC ta tsara a shekarun 1970 domin motocinta na ɗauko shiri, tsayinta wajen santimita 30 ne kawai, kuma muryar ɗan Adam ce aka auna ta a kai.

Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta cire Quad daga lissafi, domin falle mai caji jan ƙura yake yi, ga wutar KEDCO mai hawa da sauka. Sauran biyun sun sha bamban wajen cin wuta. Da wat ɗaya Klipschorn kan ba da desibel kusan 105, LS3/5a kuma wajen 83. Tunda kowane ƙarin desibel 3 sai an ninka ƙarfin amfilifaya, ƙaramar na buƙatar fiye da ninki 100 kafin ta kamo babbar. Mai sola da batir biyu zai lura da wannan.

Amma ɗakin ya fi akwatin tasiri, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A 1895 Jami'ar Harvard ta ɗora wa Wallace Sabine gyaran wani zauren lacca da ba a jin maganar malami a ciki. Ya riƙa jigilar matasan kujeru cikin dare yana auna daɗewar amo, har ya gano cewa girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti su ke yanke hukunci. A gwada wannan a gida. Tafa hannu a sabon falon bulo mai tayil da silin roba: amon zai yi ta kai-komo kamar cikin tulu. Tafa a tsohon soron ƙasa mai rufin azara, da tabarma a ƙasa da asabari a ƙofa: nan take zai kwanta. Bangon da aka yaɓe da hannu ba shi da santsi, saboda haka warwatsa sauti yake yi, ba ya maido shi a dunƙule. Maginan da ba don kiɗa suka yi hakan ba, amma kunne ya ci riba.

Akwai kuma batun tsawo. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai mita 4 yakan kumbura amon da ke kusa da 43 Hz. Idan faɗi da tsawo suka zo ɗaya, kamar yadda birkilolinmu ke son yi, kumburin ya ninku, ganga ta haɗiye waƙa. Babban ƙaho a irin wannan ɗaki ƙara cutar zai yi.

Sannan me ake saurare? Kalangu, kuntigin Ɗan Maraya Jos, karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi duk a tsakiyar sauti suke zaune, inda ƙaramar lasifika irin ta BBC ta ƙware. A ganina ita ta dace da ɗakin Karfi, in aka ɗora ta daidai kunnen mai zaune, aka janye ta kamu ɗaya daga bango, aka shimfiɗa darduma mai kauri tsakaninta da mai sauraro. Kuɗin dardumar da labule ba su kai na wayoyin haɗin da 'yan kasuwa ke kururutawa ba.