Matakan da Za a Bi Idan Shafin Bincike Ya Ƙi Buɗewa: Jagora ga Jama'ar Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa

Gabatarwa

Shafin bincike, irin su Google, Bing da Yahoo, shi ne ƙofar da akasarin jama'a ke bi wajen shiga intanet. Ta nan ɗalibi ke lalubo shafin JAMB, manomi ke neman bayanin taki da iri, ma'aikacin ƙaramar hukuma kuma ke neman shafin ma'aikatar da zai tura wa rahoto. Idan ƙofar ta ƙi buɗewa alhali wa'adin rajista na dab da cika, asarar kan kai ta shekara guda. Mun tanadi wannan bayani domin mai karatu ya gano inda matsalar take kafin ya kashe kuɗin mota zuwa wurin mai gyara.

Yadda shafi ke isowa gare mu

Manhajar da ake buɗe shafuka da ita ana kiranta burauza. Misalinta su ne Chrome, Firefox, Edge da Opera Mini. Idan muka rubuta google.com, burauza kan fara tambayar wata na'ura da ake kira DNS, wadda aikinta shi ne juya sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Daga nan saƙon zai bi ta turken sadarwa mafi kusa, ya ratsa wayoyin ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci har da na ƙarƙashin teku, kafin ya kai ga na'urorin kamfanin. Saboda haka matsalar na iya kasancewa a ɗayan wurare huɗu: layin sadarwa, ita kanta wayar ko kwamfutar, burauza, ko kuma can wajen yankinmu.

Mataki na 1: A gwada wani shafin

Kafin a taɓa komai, a buɗe wani shafi dabam, misali bing.com. Idan shi ma ya ƙi, matsalar ta layi ce, sai a koma mataki na 2. Idan ya buɗe, layin lafiya lau yake, sai a tsallaka zuwa mataki na 3.

Mataki na 2: A duba layi da data

(a) A danna *323# domin ganin ragowar data. Wannan lamba ɗaya ce a kan MTN, Airtel da Glo tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta daidaita lambobin kamfanoni a shekarar 2023. Ana sayen data ta *312#.

(b) A tabbatar da irin datar da aka saya. Akwai mai rahusa wadda aka keɓe domin WhatsApp ko Facebook kaɗai. Mai irin wannan zai ga saƙonni na shigowa, amma shafin bincike ba zai buɗe ba, domin datar ba ta shafe shi ba.

(c) A duba ƙarfin sabis. A ƙauyukan da ke nesa da turke waya kan sauka daga 4G zuwa 2G, wanda alamarsa ita ce harafin E a saman fuskar waya. A irin wannan hali kira kan shiga, amma shafi kan ɗauki lokaci har ya katse. A fita fili, a sanya wayar a yanayin jirgin sama na tsawon minti ɗaya, sannan a cire.

(d) A tabbatar an haɗa layin da lambar NIN, domin kamfanoni na rufe layukan da ba a haɗa ba.

(e) A ofisoshin da ke amfani da modem ko na'urar raba intanet, a cire ta daga wuta na rabin minti, a mayar, a jira fitilunta su daidaita. Hakan ya fi zama dole bayan an sauya daga wutar lantarki zuwa janareta ko sola.

Mataki na 3: A duba kwanan wata da agogo

Shafukan bincike na amfani da takardar shaidar tsaro mai wa'adi, burauza kuwa da agogon na'ura take auna wa'adin. Idan kwanan watan ya koma baya ko ya yi gaba, sai ta ɗauka shaidar ba ta da inganci, ta nuna gargaɗi. Wannan ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutocin ofis, inda ƙaramin batirin da ke riƙe agogo, mai lamba CR2032, ya mutu. A gyara kwanan watan, a kuma sauya batirin. Idan kwanan watan daidai yake amma gargaɗin bai gushe ba, kada a ƙetare shi.

Mataki na 4: A tsabtace burauza

Burauza kan adana kwafin shafukan da aka ziyarta, kuma kwafin kan lalace. A kwamfuta, a danna Ctrl da F5 tare domin ɗauko sabon kwafi. Idan bai yi ba, a danna Ctrl, Shift da Delete tare, a goge abin da aka adana, amma a cire alamar da ke gaban kalmomin sirri domin kada su ɓace. Haka kuma a kashe manhajar VPN idan akwai, sannan a gwada wata burauzar. Muna tunatar da ofisoshi cewa Microsoft ta daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, ta kuma yi wa Internet Explorer ritaya a ranar 15 ga Yuni, 2022. Shafukan da irin waɗannan tsofaffin manhajoji ba za su iya buɗewa ba sai ƙaruwa suke yi.

Mataki na 5: A gyara DNS

Idan saƙon da ya bayyana na ɗauke da haruffan DNS, ma'anarsa ba a samo lambar adireshin shafin ba. Jami'in kwamfuta zai iya rubuta umarnin ipconfig /flushdns a Windows, ko ya sauya DNS zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. A kwamfutar gwamnati, kada wani ya yi wannan sauyi sai jami'in da aka ɗora wa alhakin kula da ita.

Idan matsalar daga nesa take

Idan an gwada wayoyi dabam-dabam a kan layuka dabam-dabam duk ba a dace ba, to abin ya fi ƙarfin mai gyaran gari. A ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da hanyar wasu saƙonnin Google har sama da awa ɗaya. A ranar 14 ga Maris, 2024 kuma, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya kawo cikas ga intanet da harkokin banki a Najeriya na kwanaki. Kusa da gida, aikin hanya kan tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa, turke kuma kan tsaya idan man janaretansa ya ƙare. A irin wannan hali babu amfanin goge waya ko sayen sabuwar data. Haƙuri shi ne magani.

Gargaɗi

Shafin bincike ba ya neman kuɗi, lambar BVN ko lambar sirrin katin banki kafin ya buɗe. Duk saƙon da ya faɗo yana cewa wayarka ta kamu da cuta, ka danna nan, to tarkon 'yan damfara ne. Muna ba da shawarar a rubuta adireshin muhimman shafuka a littafi, kamar jamb.gov.ng, domin ana iya shigar su kai tsaye ba tare da an bi ta shafin bincike ba. Shafukan hukumomin gwamnati a Najeriya galibi da .gov.ng suke ƙarewa.

Inda za a nemi taimako

Ana samun kamfanin layi ta lamba 300. Idan an kai ƙorafi ba a biya buƙata ba, a kira NCC kyauta ta lamba 622. Yankinmu ba shi da ƙarancin masana: akwai Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jihar Jigawa da ke Kazaure, wadda aka fi sani da Informatics, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura, wadda aka kafa a 2021. Kafin a je wurin masani, a ɗauki hoton saƙon da ya bayyana, a rubuta lokacin da abin ya fara da matakan da aka riga aka gwada. Muna kira ga shugabannin sassa a sakatariyoyin ƙananan hukumomi da su tanadi layin kamfani na biyu, su kuma riƙa tura rahotanni tun kafin ranar ƙarshe.