Ado Gidan Dabino da Makarantar da Ba Ta da Allo

A shagon wani tela Bakatsine da ke Gurda, a nan Sabha, na ga wani tsohon kwafin In Da So Da Ƙauna. Bangonsa ya cire, an ɗinke gefensa da zare. Telan ya ce daga Kano aka zo da shi, ta Zinder da Agadas, kuma ya manta yawan hannun da ya shiga. Wannan ne ya sa na koma bin tarihin mai littafin.

An haifi Ado Ahmad Gidan Dabino a 1964 a jihar Kano. Da karatun allo ya fara, bokon kuwa sai da ya girma ya same shi a ajin yaƙi da jahilci. Lokacin da ya ɗauki alƙalami, tattalin arzikin Nijeriya ya riga ya durƙushe, manyan kamfanonin ɗab'i ba sa waiwayar sabon marubuci. Sai ya buga da kansa. A 1991 labarin Muhammad da Sumayya ya shiga kasuwa, ya yi farin jinin da ba a saba gani ba. Bayansa ga Masoyan Zamani da Kaico!, ga wasan Malam Zalimu.

Ya sha suka. Wasu sun ce faɗawar Sumayya rijiya mugun darasi ne ga 'yan mata, wasu masana kuma suka laƙaba wa irin waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano. Duk da haka a 2014 gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON.

A ganina babban aikinsa shi ne ƙungiyar Raina Kama da ya jagoranta, wadda Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suke ciki. A nan sabon marubuci ke kawo rubutunsa a duba masa, a nuna masa hanyar maɗaba'a da ta dillalai. Makaranta ce, ko da yake babu allo.

Abin da ke damuna ke nan a Gurda. Yaranmu suna jin Hausa a gida, amma Larabci kawai suke karantawa. Idan na karanta labari a rediyo suna saurare, in na miƙa musu takardar sai su yi shiru. Ado da girmansa ya koyi boko, har ya koya wa wasu rubutu. Mun roƙi telan aron littafin, ranar Juma'a da yamma za mu fara zama da yara shida.